Nomau Uwar Hasbiya

A wani ƙauye mai yawan giginya an yi wani mutum wai shi Nomau. Ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga haƙuri, amma kan nasa sai addu'a. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da yayarsa Tasalla mai daddawa, wadda take fama da shi tun rasuwar iyayensu, har bakinta ya saba da cewa, "Ba haka aka ce ba!"

Wata rana shaho ya fyauce wata hasbiya da ta yi sheƙa a jinkar rumbunsu. Nomau ya leƙa ya ga ƙwai ɗaya tal, tausayi ya kama shi. Ya kai wa maƙwabcinsu Baba Jatau mai kiwon tattabaru. Tsohon ya ce, "In ya huce ya mutu. Kada ka bari ɗumi ya yanke masa." Nomau ya naɗe ƙwan da auduga ya cusa a hammatarsa ta dama. Kwana tara hannun nan bai ɗagu ba. Dagaci da kansa ya miƙo hannu su gaisa, Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ina kwanci." Tasalla ce ta je ba da haƙuri. Ran na goma wani abu ya fito, tsirara, ido a rufe, baki ya fi kai girma. Nomau ya dube shi ya ce, "Yaya, an musanya mini."

Wata rana ɗan shilan ya kwanta laƙwas, don an zuba masa gero ko kallo bai yi ba. Baba Jatau ya ce, "Je ka wurin tattabaruna ka zauna. Abin da ka ga uwa tana yi, shi za ka yi." Nomau ya wuni a tsugune. Ya dawo ya tauna gero ya buɗe baki, ɗan shila ya zura nasa ya ci ya ƙoshi. Tasalla ta fara murna ke nan sai ta ga ƙaninta ya duƙa yana tsattsagar tsaba a ƙasa, yana zagaye tsakar gida yana kumbura wuya, ga kara a baki wai zai yi sheƙa.

"Ba haka aka ce ba!"

"To wanne zan bari, Yaya? Duka na ga ta yi."

Wata rana kyanwa ta fara sintiri a gindin rumbu. Tasalla za ta kasuwa, ta ce, "In ka ga kyanwar nan ka kore ta, ta yi nisa." Nomau ya kore ta ta fita gida. Ya ga ba ta yi nisa ba. Ya bi ta bayan gari, ya bi ta gonakin rogo, har suka tsallaka rafi, ita a gaba shi a baya. Da la'asar ya dawo yana alfahari, ya tarar da ɗan shila a rana ya buɗe baki yana haki, Tasalla na ɗiga masa ruwa da yatsa. Ranar kam ya tsorata ƙwarai, ya zauna ya rasa gane inda ya yi laifi.

Tsuntsu ya girma, gashi ya cika, ga jan zobe a ido. Sai dai ba ya tashi. Duk inda Nomau ya sa ƙafa yana biye da shi a ƙasa, tinƙis tinƙis. Kyanwa kuwa ta dawo, har ta taɓa tsige masa wutsiya. Tasalla ta ce, "Tsuntsun da ba ya tashi, na kyanwa ne ko na tukunya. Gara tukunya. In bai tashi ba zuwa Juma'a, zan sa a yanka."

Ran Juma'a da hantsi Nomau ya je wa Baba Jatau ido jawur. "Baba, na faɗa masa ya tashi, ya ƙi."

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ai ba a faɗa. Sai ya ga uwarsa ta tashi."

Tasalla na wasa wuƙa sai ta ji motsi a sama. Ta ɗaga kai, ga Nomau a ƙolin rumbu, tsuntsu a kafaɗa, ya baza hannuwan riga. Kafin ta ce "Ba haka," ya kaɗa hannu sau uku ya diro. Shi ya yo ƙasa, tim, cikin tokar daddawa. Tsuntsun da ya ji ba kafaɗa a ƙarƙashinsa ya buɗe fukafukai, ya yi tangal-tangal, ya haye katanga, bai tsaya ba sai kan giginya, inda 'yan'uwansa suke.

Baba Jatau ya rugo yana salati. Nomau na kwance, fari fat da toka, ƙafa ta gurɗe, idonsa na kan giginya.

"Baba, yaushe zai sauko cin abinci?"

Tsohon ya ce, "In ya koyu da kyau, ba zai sauko ba."

Nomau ya juya maganar, ya sake juyawa. Hawaye ya ja layi biyu a kan tokar fuskarsa.

"Yaya, to na yi daidai ne ko na ɓata?"

Tasalla ta ajiye wuƙar, ta durƙusa ta kama ƙafar tana murzawa a hankali.

"Ka yi daidai, Nomau."

"To me ya sa nake kuka?"