Fayafayan Ofis a Gonar Shinkafata

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na kori tsuntsaye da kayan gwamnati ba, ko da sauran haƙoran nan nawa sun bi 'yan uwansu.

A lokacin ina shara a wani ofishin harkar noma a Gashuwa. Ban yi boko ba, amma tsintsiyata ta shiga kowane ɗaki, har ɗakin nan mai sanyi inda babbar kwamfuta take zaune tana gurnani kamar kyanwa. Mai kula da ita Malam Modu ne, mutumin Nguru, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ba ya wuce ni bai ce "Iya, an tashi lafiya?" ba.

Da can, fayafayan sidi yawo suke daga tebur zuwa tebur kamar ludayin gidan biki. Wannan ya ce yana wurin wane, wane ya ce ya ba wance. Sai Malam Modu ya ja wayoyi ta jikin bango, ya haɗa duk kwamfutocin da babbar. Ya riƙa zura mata fayafayan ɗaya bayan ɗaya, tana haɗiye abin da ke ciki tana tofo su. Daga ranar kowa yana zaune a kujerarsa yake buɗe taswirar fadama da sunayen manoma.

Na ce, "Ɗan nan, to waɗannan fa?"

Ya ce, "Iya, duk abin da ke cikinsu yana cikin babbar yanzu. Daga can kowa ke ɗiba."

Ya zuba su a kwali, ya tura ƙarƙashin tebur, dab da kwandon shara. (Dab da kwandon shara, jama'a. Wannan ita ce kaɗai hujjata, kuma har gobe ina riƙe da ita.)

To ni a sanina, in an ɓare gyaɗa an cinye, ɓawo na mai shara ne.

Shekarar kuwa tsuntsun nan jan-baki ya sauko wa shinkafata da ke hanyar Dagona kamar hadari. Na kaɗa gwangwani, na kafa tsumma, na yi ihu har murya ta dishe. Sai na tuna fayafayan nan na cikin kwali: ga abu yana walƙiya, ga huda a tsakiya kamar don igiya aka yi ta. Na ƙulle su a gefen zane na kai gona, na rataye a kan sanduna. Iska ta kaɗa, rana ta haska, tsuntsu ya ce ba da ni ba. Maƙwabcin gonata, Baba Kyari, har biyo ni ya yi yana tambayar wane malami ne ya ba ni wannan laƙani. Na gyara ɗaurin kallabi na ce sirri ne.

Sati uku ofis yana aiki lafiya lau, ba wanda ya waiwayi kwali. Sai wata safiya wutar lantarki ta dawo da hauka, babbar kwamfuta ta manta duk abin da ta haɗiye. Ga shi jibi manya za su zo daga Damaturu duba aiki. Malam Modu ya ce ba komai, a sake juye mata daga fayafayan. Ya jawo kwali. Wayam.

Ina goge taga na ji shugaban ofis yana cewa, "Modu, kayan nan a hannunka suke. In ba su fito ba zuwa gobe, ka ajiye mabuɗi ka koma Nguru."

Bawan Allah yana tsaye, hula a hannu, sai rantsuwa yake.

Sau uku na goge tagar nan. Shaiɗan ya ce mini, yi shiru, wa zai zargi tsohuwa? Sai na tuna bakuna biyar da ke jiran tuwo a gidan mutumin. Na ajiye tsumma, na shiga, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, suna nan. Aiki suke yi."

"Aiki? A ina?"

"A gona."

Da motar ofis muka tafi, ni a baya kamar buhu. Shugaba ya naɗe babbar riga, ya tattare wando, ya shiga laka har idon sawu. Manoma suka bar aiki suka taru. Malam Modu yana kwance faifai, yana goge kashin tsuntsu da bakin rigarsa, yana karanta rubutun da ke kai.

"Iya, kin san abin da kika rataye nan? Manoman Bade ne gaba ɗayansu!"

Baba Kyari ya dafa fartanya ya ce, "Ashe wannan ne malamin naki!"

Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar fadama ce, sai dai ta riƙe mini takalmi.

Allah ya rufa asiri, babbar kwamfuta ta karɓi duka sai biyu da rana ta gasa, su ma aka aro irinsu daga ofishin Nguru. Mabuɗi ya zauna a aljihun Malam Modu. Da manya suka tafi, shugaba ya sa aka kira ni. Na shiga. Ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Iya, tsakani da Allah, yana korar su?"

Na ce, "Yana kora, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To a ce wa Modu ya ajiye mini lalatattun nan biyu. Ni ma ina da gero."

Abin da na koya da furfurata ke nan: abin da aka yar da abin da aka ajiye don baƙar rana kamanninsu ɗaya, sau da yawa ma wurin kwanansu ɗaya. Mai tsintsiya ta buɗe baki ta tambaya kafin ta buɗe gefen zane.