Ranar da Na Sa Aka Datse Bindigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da sunkuyar da kai ya jawo mini a gidan surukina a garin Clinton, can ƙasar waje, ba da daɗewa ba bayan aurena da Rukayya.

Lokacin na gama digiri na biyu a injiniyanci, na samu aiki a Germantown. Ni mutum ne mai taka-tsantsan, wataƙila har ya wuce kima. (Ko gishiri zan saya sai na karanta bayan kwalin.) Surukina, Alhaji Bala, likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, duk kaka yakan fita farautar barewa da abokansa. Yana kirana Injiniya, amma da wata irin murya da ban san ko yabo ba ne. Burina kawai ya ɗauke ni mutumin da za a iya ba amana.

Wata Asabar ya kira ni gareji. Ya buɗe akwatin ƙarfen da yake kulle bindigoginsa, ga tsofaffin bindigogin soja biyu a jingine, dogaye. Na durƙusa, kai a ƙasa, yadda aka koya mana a Zariya.

"Injiniya, ido ya gaji, kafaɗa ma haka," ya ce. "Waccan nake so a mayar mini gajeriya mara nauyi, ta shiga daji. A rage katakon, a ɗaura madubin hangen nesa can gaba, in riƙa auna barewa ido biyu a buɗe. Za ka kai ta wurin mai gyara ka tsaya a kai?"

"In sha Allahu, Baba."

Ya nuna da yatsa, na tabbata ya nuna, amma ni takalminsa nake kallo. Kafin in ɗago an kira shi a waya, ya miƙo mini makulli ya shige gida. Tambaya ɗaya za ta raba gardama, to amma da wane baki zan ce wa surukina ban ga inda ya nuna ba? Sai na yi tunani irin namu na 'yan boko: ɗaya fes take, ɗayar duk tabo. Ai mai hankali ba zai sa a yanka mai kyau ba. Na ɗauki mai tabon.

Na karanta dokar ɗaukar bindiga a mota har na kusa haddace ta. Na binciki lasisin mai gyaran, wani dattijon Bature. Ya jujjuya ta, ya ce, "Ka tabbata? Abin da aka yanke ba ya komawa." Ni da ko sunana aka tambaya sai na ce "ina jin," ranar na ce na tabbata. Har na ƙara da cewa a goge tabon, a shafa mata mai ta yi ƙyalli. (Wai don in burge.)

Ranar da na karɓo ta, na tarar da Alhaji a bayan gida da abokan farautarsa suna gasa nama. Na ji daɗi, ga shaidu. Na durƙusa, na buɗe jakar a gabansa.

Hira ta tsaya cak. Dakta Yohanna, mutumin Jos, amininsa, ya leƙo da tsire a hannu.

"Bala, wannan ba Bama ba ce?"

A nan na fara jin labarin da kowa ya sani ban da ni. Mahaifin Alhaji soja ne, ya je yaƙin Bama zamanin mulkin Turawa da bindiga irin wannan. Alhaji ya yi shekaru yana neman irinta sak, da tabonta da komai, kuma tun da ya same ta bai taɓa harba ta ba. Ɗayar nan fes da na tausaya wa, ita ya saya don a yanka.

Alhaji ya shafa katakon, sumul kamar hannun cokali.

"Injiniya, wacce na nuna maka?"

"Baba, ina jin... wataƙila..."

"Ina idonka yake?"

"A ƙasa, Baba."

Dakta Yohanna ya ajiye tsiren don kada ya shaƙe. "Kai ka ce sai yaro mai kunya za ka ba 'yarka! To ga shi, har da gyara!"

Kowa ya yi dariya ban da ni da Alhaji. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Aikin ya yi kyau," ya rufe jakar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma mota na ɗauko guntayen katakon da aka yanke, waɗanda na roƙi mai gyaran ya ajiye mini. Na miƙa wa Alhaji, ya karɓa da hannu biyu.

A hanyar gida Rukayya ta ce, "Baba dai ka ji kunyarsa. Ni fa? Ko kyanwar gidanmu ta san Bama."

Alhaji ya yafe, ina jin. Guntayen suna cikin akwatin ƙarfen, a naɗe cikin farin ƙyalle. Amma har yau, ko buta zai aike ni in ɗauko, sai ya ce, "Injiniya, ɗago kai," ya jira mu haɗa ido, sannan ya nuna.

Kunya ado ce, ban musa ba. Sai dai idan babba ya ce "waccan," a bar takalminsa a dubi yatsansa.