Rasuwar Tsintsiya, Manhajar Baba Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido kuwa a bushe ƙamas, mu ma'aikatan sashen haɗa manhaja muke sanar da rasuwar Tsintsiya, 'yar manhajar da ta daɗe tana share mana tarkacen fayilolin da kwamfuta ke bari duk lokacin da aka harhaɗa aiki. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana tsaka da shara, kamar yadda ta rayu.

Marigayiya ta taso a hannun mahaifinta, Baba Injiniya, wanda ya rubuta ta tun gashin kansa yana baƙi. Mai natsuwa ce, ba ta san gaggawa ba. Fayil ɗaya-ɗaya take ɗauka, ta rubuta sunansa a allo, ta yi masa bankwana, sannan ta goge. Wa zai manta kukan fankar kwamfuta in ta fara, "fuuu", ko ɗan "ƙit" ɗin da take yi in ta cije a tsakiya? A inuwar jinkirinta mun sha shayi, mun yi gulma, wani a cikinmu har ya nemi aure ta waya, aka ba shi, shara ba ta ƙare ba.

In ta cije, Baba kaɗai ya san lagonta. Sai ya taso a hankali, ya gyara zaman tabarau, ya kori kowa daga bayansa don kada a ga abin da yake dannawa. Sau biyu ana rage ma'aikata, sau biyu manaja yana tsallake sunansa, don ba a san wanda zai lallashi Tsintsiya ba. Tsakani da Allah, ita ce take ciyar da gidansa.

Ciwon ajali ya same ta ne daga hannun abokiyar aikinmu ta teburin bakin taga, wadda ta gaji da jiran Tsintsiya alhali ana jiran aiki daga hannunta. Ta rubuta sabuwar manhaja mai 'yan layuka da suke ture foldar tarkacen gefe guda, a ci gaba da aiki nan take, fayilolin kuma a goge su da yawa a lokaci ɗaya can a bayan fage. Da aka gwada a gaban manaja, kafin Baba ya ajiye kofinsa an gama. Ya rantse ba a goge komai ba, ya buɗe foldar har sau uku yana dubawa. Wallahi mun so mu tausaya masa, dariya ce ta riga mu.

Marigayiya ta bar mahaifi ɗaya, da butar shayi wadda yanzu ba mai lokacinta, da kujerar Baba mai juyawa, wadda mutum biyu suka riga suka auna ta da ido.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis a ɗakin taro. Sabuwar manhajar ce za ta goge marigayiya, kuma an karrama Baba da danna maɓallin da hannunsa. A zo da wuri, wanda ya tsaya ɗaure takalmi zai tarar an watse.

Za a karɓi gaisuwa a teburin Baba har ƙarshen wata. Daga nan za a ɗora injin buga takardu a wurin. Shi bai sani ba tukuna, manaja ya ce a bar shi ya karanta a nan.