Ƙusar da Baba Ya Goga

Ba zan taɓa mantawa ba da azumin shekarar da na gama karatun lantarki a Kazaure na koma gida Gwiwa. Gidanmu gidan maƙera ne, amma tun da aka fara kirana Injiniya (gaskiya ni na fara kiran kaina) na daina bi ta maƙerar Baba. In abokai suka tambayi sana'arsa, sai in ce yana harkar ƙarafa.

Goggo Hajara, yayar Baba, ta daɗe ba ta gani. Abokin zamanta rediyon da marigayi mijinta ya bari, da shi take jin tafsiri kullum bayan la'asar. Kwana uku da fara azumi ya yi shiru.

"Ɗan nan, duba mini shi," in ji ta. "Ai yanzu muna da mai ilimi a gida."

Na shiga ɗaki na juya bayansa. Notuna huɗu ne, amma ramin kan kowanne kusurwa uku gare shi. Masu kamfani ke yin haka don kada a buɗe a gyara, a je a sayi sabo. Duk sukundireban da ke akwatina ba wanda ya shiga. Na sa wuƙa har na karce robar. Maimakon in ce na kasa, sai na fito ina girgiza kai.

"Goggo, na buɗe na duba. Ya ƙone, ba ya gyaruwa."

"To, Allah Ya sa hakan ne mafi alheri," ta ce, ta ɗora shi a cinya. Kwana takwas tana zama bayan la'asar da shi a gefen tabarma, shiru. Ni kuma ina wucewa ina yi mata sannu da azumi.

Ranar kasuwa Baba ya hango ni daga rumfarsa ya kira ni. Manoma na zaune suna jiran fartanya, ga rediyon Goggo a gabansa. Ya danna gutsuren sabulu a kan notin, ya ɗago ya kalli siffar ramin, sannan ya ɗauki ƙusa da magagari ya yi ta goga har bakinta ya zama kusurwa uku. Kafin ka ce me, notunan huɗu suna tafin hannunsa. Ciki ƙurar shekaru ce kwance, ba sawun yatsa ko ɗaya. Wata 'yar waya ce kawai ta cire daga mazaunin batir.

"Af! Ba Injiniya ya ce ya buɗe ya ga ya ƙone ba?" in ji wani maƙwabcinmu.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Baba bai ko dube ni ba.

"Ni buɗewa kawai na iya," ya ce. "Injiniya, zo ka haɗa. Wannan aikinka ne."

Na haɗa wayar, rediyon ya kama magana. Da yamma Goggo ta yi ta sa mini albarka, ni kuma na durƙusa na faɗa mata gaskiya.

"Na sani," ta ce. "Da ka dawo da shi na shafa notunan, na ji ba a kwance su ba."

Ƙusar nan tana akwatina har yau, ta buɗe fankoki da dutsen guga ba adadi. Na kuma koyi faɗin "ban iya ba" tun da wuri. Tafsirin kwana takwas ne dai ban san inda zan samo wa Goggo shi ba.