Asalin Jar Motar Kawu Dogara

Daga bakin kakata Inna Zuliha na fara jin sunan Dogara. Duk wanda ya cika baki a gidanmu, ko da a kan tulin tuwon da zai iya cinyewa ne, sai ta taɓe baki ta ce, "To, sannu Dogara." Na daɗe ina zaton wani sarki ne na zamanin da. Sai da na yi wayo na gane ashe ɗanta ne na fari, yayan mahaifiyata, yana nan da ransa a Gwaram.

Kuma ya cancanci a san shi. Alhaji Dogara mutum ne da Allah ya hore wa murya, ya hore wa babbar riga, ya kuma hore masa yarda da kansa irin wadda ba a sayarwa a kasuwa. Dillancin hatsi yake yi. A shekarun da kuɗin mai suka fara kwarara, kowane Alhaji ya sayi doguwar mota mai ɗaukar iyali da maƙwabta. Kawu ya fi ƙarfin wannan. Ya tafi Kano, wani dillali ya haɗa shi da wata 'yar jar mota ta tseren Turawa, mai kujera biyu, babu rufi, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. A jikin ƙofarta akwai wata farar da'ira da lambar da ta dushe a ciki.

"Wannan ba mota ba ce, 'yar dangi ce," in ji shi, ranar da ya tara mu kallo. "Ta yi tsere a ƙasashen Turai, ta kunyata manya. 'Ya'yan sarakuna ne suka yi ta gadonta hannu da hannu, har Allah ya kawo ta gidan da ya dace da ita."

Tun daga ranar aka raɗa masa Guguwar Gwaram. Shi ma ya amshi sunan hannu bibbiyu.

Shigarsa motar ma abin kallo ne. Sai ya naɗe babbar riga, ya tura ƙafa ɗaya, ya zauna da ƙarfi, sannan a bi da sauran rigar ana cusawa kamar ana ɗura auduga a matashi. Gwiwoyinsa su tokare haɓarsa. Daga nesa ba ka ganin direba, sai rawani yana tafiya a kan taya huɗu.

Gudu kuwa, Allah ya sani, wataƙila tana da shi. Amma ina amfanin babban mutum ya wuce ba a gan shi ba? Kawu ba ya wuce majalisa bai tsaya an gaishe shi ba, ba ya wuce mai shayi bai ɗaga hannu ba. Masu keke sukan wuce shi cikin ladabi suna cewa, "Sannu da gudu, Alhaji!" Shi kuwa ya amsa, "Ina tausaya mata ne, titunanku ba su kai matsayinta ba."

Ana nan sai ga titin da ya kai. An shimfiɗa sabuwar kwalta a hanyar Birnin Kudu, aka kafa kwamitin dattawa su zaɓi motar da za ta fara taka ta ranar buɗewa, a gaban manyan baƙi daga Kano. Mutum biyu suka fito: Kawu, da abokin hamayyarsa tun ƙuruciya, Alhaji Maliki, mai sabuwar farar mota wadda ko ledar kujerunta ba a cire ba.

Kawu ya miƙe a gaban kwamiti. "Ranku ya daɗe, ta Maliki 'yar jiya ce. Wa ya san uwarta, wa ya san ubanta? Abin girma sai mai asali."

Wani dattijo ya gyara zama ya ce, in dai asali ne, ai akwai yadda ake yi. Ko auren 'yar talakawa sai an tura manya sun bincika. A kawo shaidu.

Kawu ya yi murna kamar an ba shi kyautar Hajji. Ya zaɓi dattawan da suka fi kowa iya binciken aure a dangi, mutanen da in sun bi sawun gida sai sun gano wanda ya taɓa satar akuya a zamanin kakan kaka. Ya sallame su Kano wajen dillali, su bi motar baya-baya har tushe. Inna Zuliha ta aika masa cewa binciken asali a ɓoye ake yinsa, a ji a tace kafin a faɗa. Ya ce wannan ga masu abin kunya ne. Shi walima zai yi, da lasifika, duk wanda ya taɓa riƙe motar a kawo shi ya faɗa da bakinsa. Kaza ma garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta.

Ina hutun sakandare lokacin, sai ranar walimar aka ba ni kujera kusa da Kawu, domin kada tarihi ya wuce babu mai boko a wurin. Muna ta duban hanya ko za mu ga Bature. Ashe sawun motar bai tsallaka teku ba. Daga Kano ya juyo, ya dawo yankinmu.

Shaida na farko shi ne Alhaji Manu, tsohon attajirin gyaɗa na Birnin Kudu. Wani Baturen awo ne ya bar masa ita da zai koma gida a shekarar 'yancin kai. Kawu ya miƙa masa lasifika da kansa, ya ce ya ba jama'a labarin tsere.

"Tsere kam ta yi, a idona," in ji Alhaji Manu. "Turawa suka shirya na bankwana a tsohuwar hanya. Ita ta zo ta biyu. Wallahi ban taɓa ganin motar da ta manne wa ta gabanta haka ba."

Kawu ya waiwaya yana duban Maliki, yana shafa gemu.

"Da yake ta gaban ce ke janta da igiya," tsohon ya ƙarasa.

Kafin dariya ta lafa, aka gabatar da Malam Iliyasu, manomi daga Sundimina, wanda Alhaji Manu ya bai wa ita da ta gagari makanikai. Bawan Allah ya zagaya motar yana shafa ta, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce shekaru ta yi a bayan rumbunsa kafin dillalin Kano ya ɗauke ta, kuma bai taɓa ganin abu mai albarka irinta ba. Duk kazar da ta kwanta a kujerar direba, ko ƙwai ɗaya ba ya lalacewa. Ya roƙi Kawu, don zumunci, in damina ta kama ya ara masa ita.

Har yau ban san wa ya kashe lasifikar ba.

Ranar buɗe titi farar motar Maliki ta wuce gaba, cike da dattawan kwamiti. Guguwar Gwaram ya ce zazzaɓi ya kama shi. Da yamma na kai masa kunu, na same shi zaune a zaure, ya zuba wa jar motar ido. Na ɗauka nadama ce, har tausayinsa ya kama ni.

Can ya yi gyaran murya.

"Kaltume, na san ke ce mai riƙe labarin gidan nan. Ban hana ki faɗa ba, tun da duniya ta ji. Abu ɗaya nake roƙonki. In kin zo kan maganar kajin nan, ki ce kajin Turawa ne."