Kunkuru a Hanyar Kebbe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanwata Saratu a Kebbe. Laifina ne tun daga tushe, gara in faɗa da bakina.

Lokacin da fetur ya yi tsada na je Sakkwato na sayo tsohuwar mota mai lantarki wadda ta gama zamaninta a Turai. Dillalin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce garantinta ya daɗe da ƙarewa, batirin ya tsufa, in tsaya da ita cikin gari. Na ce na ji. (Ban ji ba. Hankalina yana kan yadda malaman makarantarmu za su saki baki idan na shigo ba ƙara ba hayaƙi.) Nan da nan mutanen garinmu Tambuwal suka sa mini suna Mai Shiru. In na zo wucewa ta gidan mai har rage gudu nake yi in ɗaga wa masu bin layi hannu. Kwana biyu take yi a jone da solar gidana kafin ta cika, amma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne waliyyi. Kafin mahaifinmu ya rasu ya riƙe hannunsa ya ce shi yake so ya ba da auren Saratu da bakinsa. Shekara goma sha ɗaya Baffa yana riƙe da wannan magana. Ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya shirya da ɗan kabu-kabun da ya saba kai shi Kebbe. Ni na je na sallami mutumin.

"Haba Baffa, babbar riga a kan babur, ina da mota?"

"Motag ga taka tana kai mu kuwa?"

"Har ta dawo da mu."

"To, Allah shi sa."

Da safe sai da na zagaya ta bakin kasuwa don a gan mu. Can muka iske dattawa uku, su ma bikin za su, da buhun shinkafar gudummawa. A wajenmu ba a wuce dattijo a tsaye, na kwashe su duka. Na kunna musu sanyi har ƙarshe, ina ta bayanin yadda ni da gidan mai muka rabu har abada.

An yi ruwa, hanya duk yashi da laka. Ina kallon batiri yana zubewa, daga rabi sai ga shi a ƙasa. Can sai hoton wani ɗan kunkuru ya fito a allon gabana.

"Mi na wanga?" in ji Baffa.

"Ado ne," na ce.

Ashe sanarwa ce cewa batiri ya kusa ƙarewa. Mota ta koma rarrafe, har wani mai jaki ya wuce mu yana yi mana sannu. Sai ta tsaya cik a tsakiyar gonakin gero.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "A aika a sawo galan guda mana."

Na ce ba ta shan mai.

"To mi taka sha?"

"Wuta."

Duk suka waiga suna duban daji. Ko turken lantarki ɗaya babu, waya kuma ba sabis. Baburan da ke wucewa kowanne da mutum uku. Mun fi awa guda kafin wani makiyayi a kan babur ya tsaya, Baffa ya naɗe rigarsa ya hau baya tsakanin jarkokin nono.

Shanun huɗa ne suka ja motar har Kebbe, ina riƙe da sitiyari, bayan azahar. 'Yan biki suka fito suna dariya, wani ya ɗaga murya, "Mai Shiru, ashe dusa taka ci!" Wannan bai dame ni ba kamar abin da na ji daga baya. Dangin ango daga Sanyinna sun jira har sun gaji, liman ya sa wani maƙwabcin mahaifiyarmu ya tsaya a madadin waliyyi. Baffa ya iso ana shafa fatiha.

Na same shi a zaure shi kaɗai, gefen rigarsa duk laka. Na durƙusa a gabansa. Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi.

"Tashi, ɗana," ya ce. "Aure ya ɗauru, mun gode Allah. Abin da ban sani ba, mi za ni ce ma Yaya in munka gamu."

Har yau maganar nan tana ci mini rai. Motar tana nan, daga gida zuwa makaranta, don sabon batiri ya fi ƙarfina. Na dai koyi cewa in dattijo ya tambaye ka ko abu zai kai, ka gaya masa abin da dillali ya gaya maka. Baffa bai sake ta da zancen ba. Sai dai in na gan shi a ƙafa za shi masallaci na tsaya in rage masa hanya, murmushi yake yi ya ce, "A'a ɗana, wuce abinka. Sauri nika yi."