Yadda Za Ka Buɗe Asusun Banki Mai Kai Ƙararka Gida

Kai yaro, kai da takardar shiga jami'a ta iso maka har ka fara taka ƙasa kamar ta yi maka laifi, zauna ka saurara. Na san abin da ke ranka, kuma ba karatun ba ne. Aljihu kake so wanda ba mai leƙawa, kuɗi su shiga ba a ji ba, su fita ba a tambaya ba. To ga hanya. In ka bi ta daki-daki, na ba ka tabbaci kafin zangon farko ya ƙare ko allura ka saya sai duk layinku sun sani. Ban yi boko mai nisa ba, amma wannan fannin a gida na gan shi. Jikana, ɗan babbar 'yata, wanda muke kira Lauya tun ranar da aka ɗauke shi karatun shari'a, shi ya gwada matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya ba shi kunya.

Mataki na 1: Fara da raina shawara

Ubanka zai kawo magana. Ka sunkuyar da kai, ka bar ta ta wuce ta saman ƙeyarka.

Uban Lauya direba ne, ya san hanya. Ya ce a buɗe asusun a bankin da ke da reshe a bakin ƙofar jami'ar, a riƙa tura kuɗin abinci kaɗan-kaɗan duk wata. Uwar, wadda tela ce, ta tsaya kai da fata a kan yaro ya girma, a zuba masa na zango gaba ɗaya ya koyi riƙo. Da gardama ta yi tsawo ta dafa ƙirji.

"In ya ɓarnatar, ni ce. Ni za ka tambaya."

Aka bi shawararta. Ka samu wanda zai jingina mutuncinsa dominka kamar haka. In babu mutuncin wani a ciki, ɓarna ba ta armashi.

Mataki na 2: Zaɓi banki da kyautarsa

Lokacin ɗaukar ɗalibai bankuna kan kafa rumfuna a bakin titi, da kiɗa da 'yan mata masu riga iri ɗaya. Wannan na ba da lema, wancan gorar ruwa, na gaba jakar goyo. Zagaya duka, ka ɗaga kowace kyauta ka ji nauyinta. Kada ka tambayi nawa suke yanka in ka cire kuɗi, kada ka tambayi ko suna da reshe a garin da za ka. Irin waɗannan tambayoyin na mutanen da suka taɓa shan wahala ne, kai kuwa ba ka fara ba tukuna.

Lauya ya zaɓi mai jakar goyo, saboda katinsu baƙi ne da rubutun ruwan zinariya. Da uban ya yi zancen reshe, sai ya yi masa murmushin tausayi, ya sanar da shi cewa a zamanin yanzu banki a cikin waya yake. Ka haddace wannan jimlar. Za ka tuna da ita.

Mataki na 3: Tafi da uwarka, amma ajiye ta nesa

Ranar buɗewa uwar Lauya ta rufe shago, ta bar ɗinkin mutane a kan keke, ta sa kayan da take ajiyewa don fita kunya. Suna shiga ya nuna mata wani benci can bakin ƙofa, kusa da mai gadi, ya ce ta huta a nan, sanyin ya fi kaiwa wajen. Da ma'aikaciyar bankin ta tambaye shi ko waccan mahaifiyarsa ce, ya ce, "Tare dai muke."

Uwa tana jin irin wannan ko daga bayan gari. Ba za ta ce komai ba. Kada shirun ya dame ka, ajiya ce.

Mataki na 4: Ƙarar da cajin wayarka

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, ka buɗe kunne.

Layi zai yi tsawo. Yi amfani da damar ka ɗauki hotonka a gaban gilashi, a gaban tukunyar fure, a gefen kujerar manaja, ka tura wa duk wanda bai samu jami'a ba. Lokacin da aka zo kan Lauya, ma'aikaciyar ta ce za su tura wasu lambobi ta waya ya karanto mata. Ya danna, waya ta mutu murus. Ta ce ba komai, ya dawo gobe. Ya tambayi jakar, ta ce rabon jaka yau zai ƙare.

Sai ga shi a gaban benci. "Umma, ɗan ara mini wayarki."

Ta kunce bakin mayafi ta miƙa masa 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ma'aikaciyar ta yi masa bayani cewa daga yau duk saƙon shiga da fitar kuɗi wannan lambar zai riƙa zuwa, in kuma yana son canzawa sai ya zo wannan reshen da ƙafarsa, da wannan wayar a hannu. Mai shirin zama lauya ya ce ya gane. A lokacin yana gwada zif ɗin jakar.

Mataki na 5: Kashe kuɗi kamar ba mai gani

Uwar Lauya ba ta karanta Turanci. Duk sanda wayar ta yi ƙara, sai ta leƙa shagon mai caji da ke jikin nata. Shi kuwa mutum ne da Allah ya hore wa murya, ga benci a ƙofarsa da ba ya rabuwa da 'yan zaman hira, kuma bai iya fassara ba tare da sharhi ba.

Da farko abin daɗi ne. Kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, littafi sau ɗaya. Daga nan aka shiga gidan aski, shagon turare, gidan kallon ƙwallo, takalmi, wani takalmin kuma. Mai caji ya tambayi jama'a ko ƙafafun yaron sun ƙaru ne. Sai sunan wata yarinya ya fara fitowa, yau a tura mata, jibi a tura mata, har 'yan benci suka riƙa tambayar lafiyarta.

A bencin uban ya ji. Ya shigo gida bai ɗaga murya ba, ya tsaya a kanta tana ɗinki, ya tambaya ko akwai labarin yaron nan da ya girma. Ba ta ɗago ba. Keken ne kawai ya ƙara gudu.

Mataki na 6: Kada ka kira gida

Ɗalibi mai aji ba ya kira sai asusu ya bushe. Lauya ya riƙe wannan ƙa'idar da kyau.

Na ce wa 'yata ta buga masa ta wanke shi tas, ko ta ba ni wayar in yi da kaina. Ta ce, "Bari, Baba. In ta yi ƙara na san ya tashi lafiya." Ranar da wayar ta wuni shiru, hannun riga ta ɗinke a wuya.

Ita ta kira a ƙarshe, da ta ga sunan yarinyar ya daina fitowa. Ta yi masa jaje, ta ce ya yi haƙuri, haka mata suke, amma ya daure ya riƙa cin abinci, don ta ga tun shekaranjiya ruwan leda kawai yake saye. A nan Lauya ya gane inda saƙonnin asusunsa ke zuwa. Washegari ya karaɗe garin da jakarsa a baya yana neman reshen bankinsa. Aka gaya masa ai nasu a cikin waya yake.

Mataki na 7: Dawo ka gyara

Da hutu ya zo ya ratsa layi, 'yan benci suka tashi suka gaishe shi, suna tambaya ko takalmin ƙafarsa shi ne na farkon ko na biyun. Gari na wayewa ya roƙi uwar ta raka shi banki. Wannan karon kujerar gaban tebur ya ja mata, har da kakkaɓewa, ya gaya wa ma'aikaciyar cewa wannan mahaifiyarsa ce tun ba a tambaye shi ba.

Ma'aikaciyar ta ce ta tura lambobin, a duba. Uwar ta kunce bakin mayafi, ta fito da wayar, ta juya ta gaba da baya.

"Ba caji."

Wayar nan tana yin mako ba ta nemi wuta ba, kuma a gabana ta karɓo ta daga mai caji da safen.

"Umma, don Allah."

"Ba caji, Lauya. Ko za ka je can kan benci ka jira ta kama? An ce sanyin ya fi kaiwa wajen."

Har yau ba ta kama ba. Kuɗin abinci ya koma wata-wata kamar yadda uban ya so tun farko. Lauya kuwa yanzu ko sabulu zai saya sai ya buga wa uwarsa tukuna, don ta ji daga bakinsa kafin mai caji ya yi shela.

Gargaɗi

Ni dai hanya na nuna, ban riƙe ƙafar kowa ba. Wanda ya bi ta ya wayi gari 'yan layinsu sun san sunan turarensa, ko budurwa ta guje shi, ko zif ɗin jakar ya ɓalle kamar yadda na Lauya ya ɓalle tun a tasha, kada ya zo mini zaure da ƙorafi. Ya je ya samu uwarsa, ita ke riƙe da wayar.